Muhawara: Idan shugaba yana aiki, me ya sa za a hana shi zarcewa?

Ɗan Kasuwa: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da na daɗe ina riƙe da ita: dokar da ta ce shugaba ya yi wa'adi biyu ya sauka, tauye haƙƙin masu zaɓe ce. An ce mulki na jama'a ne, to idan jama'a sun ce wannan mutumin suke so karo na uku, wa ya isa ya hana su? Lee Kuan Yew ya riƙe Singafo daga 1959 zuwa 1990, shekara 31. Ya karɓi tsibirin da ko ruwan sha sai ya sayo daga Malesiya, ya bar shi cikin ƙasashe masu arziki na duniya. Da an kore shi bayan shekara takwas, da wa zai ƙarasa aikin? Angela Merkel ta yi shekara 16 a Jamus, ba wanda ya kira ta 'yar kama-karya.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kawo sunaye biyu, bari in kawo maka nawa. Mobutu na Zayar (Kwango ta yanzu), 1965 zuwa 1997. Mugabe na Zimbabwe, 1980 zuwa 2017, sai da sojojinsa suka tilasta masa sauka. Paul Biya yana kan kujerar Kamaru tun 1982, a 2008 aka cire iyakar wa'adin daga kundin tsarin mulki. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai lokacin da magoya bayansa suka rantse cewa babu kamarsa. Ita doka ana rubuta ta ne kafin a san wanda zai hau, don haka dole ta yi tanadin mugu, ko da nagari ake fata.

Ɗalibar Shari'a: Baba Malam, ka ba ni dama in ƙara wani abu kan misalan Alhaji. Merkel da Lee duk a tsarin majalisa suka yi mulki. A wannan tsarin firaminista yana zaune ne da yardar 'yan majalisa, ranar da suka janye hannu ya tafi. Margaret Thatcher ta ci zaɓe sau uku a Birtaniya, amma a Nuwamban 1990 'yan jam'iyyarta da kansu suka sa ta sauka, ba a jira wani babban zaɓe ba. Shugaban ƙasa mai cikakken iko ba haka yake ba. Shi ne kwamandan askarawa, shi ke naɗa manyan alƙalai da shugabannin tsaro, a ƙasashe da yawa har da shugaban hukumar zaɓe. Tsige shi kuwa sai an sha wuya. Saboda ƙofar fitar da shi ƙarama ce, shi ya sa aka sa masa ranar fita.

Ɗan Kasuwa: 'Yata, na ji wannan. Amma ai zaɓe yana nan. Idan ya lalace sai a kayar da shi a akwati.

Ɗalibar Shari'a: Akwatin da wa ke gadi, Alhaji? Bayan shekara goma sha biyar, kusan duk wanda zai ƙirga ƙuri'a, da wanda zai saurari ƙarar zaɓe, da wanda zai ba 'yan adawa izinin taro, shi ya naɗa su. A nan maganar “jama'a na son sa” take rasa ma'auni. Wataƙila suna son sa da gaske, amma babu sauran hanyar tabbatarwa.

Ma'aikaciyar Jinya: Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Tandja Mamadou na Nijar, Allah ya jiƙansa, domin shi ba a cikin jerin su Mobutu yake ba. Talakawa, musamman na karkara, sun ƙaunace shi ƙwarai, Baba Tandja suke ce masa. An zaɓe shi a 1999, aka sake zaɓensa a 2004. Da wa'adi ya zo ƙarewa sai aka taso da tazarce, hujjar kuwa irin taka ce sak, Alhaji: a bar shi ya kammala manyan ayyukan da ya faro, matatar mai ta Damagaram da madatsar ruwa ta Kandaji. Kotun tsarin mulki ta ce a'a. Sai ya rusa majalisa, ya rusa kotun, ya shirya ƙuri'ar raba gardama a Agustan 2009 wadda ta ƙara masa shekara uku. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi. Ka duba abin da aka yi asara: majalisa, kotu, da mutuncin dattijon da zai iya sauka ana yi masa addu'a. Matatar da aka ce sai shi, an buɗe ta a 2011 yana gefe. Wallahi duk lokacin da na tuna sai in ji baƙin ciki, domin mutumin kirki ne na kusa da shi suka tura cikin rami.

Tsohon Malami: Hajiya kin taɓo jijiyar. Sau da yawa ba shugaban ne ya fi son zarcewa ba, waɗanda ke ci a ƙarƙashinsa ne. Sun san ranar da ya sauka tasu ta ƙare, sai su hana shi jin komai in ban da “ranka ya daɗe, ƙasa za ta watse in ka tafi”. Blaise Compaoré ya yi shekara 27, ya nemi a taɓa sashe na 37 na kundin Burkina Faso, matasa suka ƙona majalisa a Oktoban 2014, washegari ya ajiye mulki ya gudu. A Najeriya kuwa majalisar dattawa ce ta kashe yunƙurin wa'adi na uku a zamanin Obasanjo, a Mayun 2006, ba a kai ga zubar da jini ba.

Direba: Ni dai ina bayan Alhaji, ku yi haƙuri. Mu da ke bin hanya mun san abin da canjin gwamnati ke jawowa. Wannan ya faro titi, wancan ya zo ya yi watsi da shi don kada a ce aikin wanda ya gabace shi ne. Shekara huɗun farko ana koyon aiki ana neman zarcewa, huɗun ƙarshe ana tara na sallama. Ruwanda fa? Kagame ya tsince ta daga kisan ƙare dangi na 1994, yau ana misali da tsabtar Kigali da tsaronta.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam Direba, damuwarka gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma watsi da aiki ciwon ma'aikatu ne da kasafin kuɗi. Idan titi ba zai ƙaru ba sai mutum ɗaya yana kan kujera, to ko shekara talatin ya yi, ranar da ya mutu titin zai tsaya. Ruwanda kuma ina yi mata fatan alheri, sai dai a zaɓen 2024 an ce Kagame ya sami kashi 99 cikin ɗari, an kuma hana fitattun masu sukarsa tsayawa. Ba wanda zai iya gaya maka yau yadda ƙasar za ta kasance bayansa, wannan shi ke ba ni tsoro.

Tsohon Malami: A sa Botswana a gefen Ruwanda a duba. Seretse Khama ya rasu a 1980, mulki ya koma hannun mataimakinsa Masire lami lafiya. A ƙarshen zamanin Masire aka sa iyakar shekara goma, ya sauka a 1998. A 2024 jam'iyyar da ta yi shekara 58 tana mulki ta faɗi zaɓe, shugaba Masisi ya amsa kaye ya miƙa wa Duma Boko. Sarki goma zamani goma, kuma ƙasar ba ta girgiza ba. Amurka ma ta gwada dogaro da halin mutum: Washington ya sauka don kansa bayan wa'adi biyu, al'adar ta riƙe har Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu ya rasu a kan mulki a 1945. Shugaba ne da ake yabo, amma duk da haka a 1951 suka mayar da iyakar doka.

Ɗan Kasuwa: To na sauko daga wani ɓangare. Na yarda cewa wanda ke kan kujera bai kamata ya canza doka don amfanin kansa ba, labarin Tandja ya ishe ni. Amma ku amsa mini wannan. Putin na Rasha ya cika wa'adi biyu a 2008, ya ɗora Medvedev, ya koma firaminista, a 2012 ya dawo. An bi doka harafi da harafi. Gwamnoni nawa muka gani sun sauka sun kakaba yaransu, suna juya gwamnati daga gida? Wannan ya fi muni a wurina, domin mai iko na gaskiya ba ya kan takardar zaɓe, ba ka da yadda za ka hukunta shi.

Ɗalibar Shari'a: Wannan kam rami ne a cikin dokar, Alhaji, ba zan musa ba. Abin da zan ce kawai, yaron da aka ɗora yana riƙe da alƙalami da jami'an tsaro, kuma sau da yawa yakan juya wa ubangidan baya. A Angola, dos Santos ya yi shekara 38 ya miƙa wa João Lourenço a 2017, cikin 'yan watanni Lourenço ya cire 'yar dos Santos, Isabel, daga shugabancin kamfanin mai na ƙasa.

Direba: Wato sai mu zauna muna jiran yaro ya yi wa ubangidansa tawaye? Medvedev ai bai yi ba.

Tsohon Malami: Bai yi ba, ɗana, kuma a 2020 an sake gyara kundin Rasha aka share wa Putin wa'adodinsa na baya. Inda kotu da majalisa da jam'iyya duk suna aljihun mutum ɗaya, iyakar wa'adi ba ta hana shi komai. Don haka ni tambayar da nake so mu koma kanta gobe ita ce wa ke fitar da ɗan takara a cikin jam'iyya, wakilai ko ubangida. Alhaji, kai ka taɓa zama wakili a zaɓen fid da gwani, kai za ka fara.