Muhawara: Ɗan Gaba Zai Iya Komawa Ɗan Tsakiya?

Autan Blues: Jama'a, ina nan a kan bakana. Duk ɗan wasan gaba mai ƙarfi da huhu, idan ya samu koci na gari, zai buga tsakiya. Ku dubi Joelinton. Newcastle ta saye shi daga Hoffenheim a 2019 kan fam miliyan 40, aka ba shi lamba 9, kakar farko ƙwallo 2 kacal ya ci a Firimiya. Ranar da suka kara da Norwich a Nuwamban 2021 aka ba Ciaran Clark jan kati tun farkon wasa, koci Eddie Howe ya ja Joelinton tsakiya don toshe giɓi. Kafin kakar ta ƙare shi ne gwarzon ɗan wasan kulob ɗin, a 2023 har Brazil ta kira shi.

Baban Ummi: Auta, mutum ɗaya ka kawo. Alan Smith fa? Da Roy Keane ya bar Man United a 2005, koci Ferguson ya so Smith, ɗan wasan gaba, ya gaje shi a tsakiya. Zuciya akwai, shiga ƙafa akwai, amma bai san inda zai tsaya ba idan ƙwallo na hannun abokan hamayya. Rooney ma da duk baiwarsa, kocin Ingila Hodgson ya sa shi tsakiya a gasar Turai ta 2016, Iceland ta kori Ingila da ci 2-1.

Autan Blues: Haba Baba, Smith karaya ya samu a Anfield, filin Liverpool, a 2006, ita ta yanke masa hanya. Kuma laifin Iceland na Rooney ne shi kaɗai?

Baban Ummi: Tun kafin karayar ana ganin aikin ya fi ƙarfinsa. Na kalli wasannin.

Koci: Ku dakata. Kuna cewa "tsakiya" kamar wuri ɗaya ne, alhali lamba 6 mai tare hanya a gaban 'yan baya daban, lamba 8 mai kai-kawo tsakanin baya da gaba daban. Ɗan gaba ya saba wasa raga na bayansa, mai tsaron baya ɗaya na manne da shi, ya san inda hatsarin yake. Ɗan tsakiya kuwa ta ko'ina ake zuwa masa. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya waiga hagu, ya waiga dama, ya buɗe jikinsa, ya riga ya yanke inda zai kai ta. Ina horar da yara a filin unguwa, kuma wannan waigen shi ne abin da ya fi wuyar koyarwa, da ɗan gari akan ci gari. Idan ɗan gaba ya yi asarar ƙwallo, mutum goma na bayansa. Idan lamba 6 ya yi asararta, sai gola ya shiga uku. Joelinton lamba 8 yake bugawa, gudu da kokawa da kutsawa gaba, Bruno Guimarães ne ke riƙe linzamin.

Ɗan Gunners: Koci ya gama magana. Havertz da Arteta ya sayo wa Arsenal a 2023 don ya buga 8, ai gaba ya koma.

Autan Blues: To Koci, Mousa Dembélé fa? Ɗan gaba ne a AZ, a Fulham aka dawo da shi tsakiya, a Tottenham ba a iya ƙwace masa ƙwallo. Schweinsteiger ɗan gefe ne kafin Van Gaal ya mayar da shi ciki a Bayern, da shi Jamus ta ɗauki kofin duniya na 2014.

Koci: Waɗannan na yarda. Amma lura, dama can masu son saukowa su taɓa ƙwallo ne, ba masu jiran ta a cikin yadi 18 ba. Griezmann na Faransa ma haka a kofin duniya na Qatar, da Pogba da Kanté suka ji rauni; ya yi aikin, sai dai Tchouaméni na tsaye a bayansa. Kawo mini cikakken lamba 9 guda ɗaya da ya koma lamba 6 ya zauna daram.

Ɗan Gunners: Ni abin da ke damuna Iwobi ne. Lampard ya sa shi tsakiya a Everton ya haskaka. Peseiro, kocin Najeriya na lokacin, ya haɗa shi da Onyeka su biyu rak a gasar kofin Afirka a Kodebuwa, aka ɗora masa aikin tare hanya, da aka sha kashi 2-1 a wasan ƙarshe kowa ya yi masa ca. Wallahi ba a yi wa yaron adalci ba.

Baban Ummi: Shi ne nake faɗa. Osimhen dai a bar mana shi a gaba.

Autan Blues: Wannan ko ni ba zan taɓa shi ba, Baba. Lamba 6 na bar wa Koci, amma a kan lamba 8 ban janye ba.