Abin da muka tsayar kan littafi na biyar

Jiya wajen mai shayi a nan Garwa mun sha musu kan littafi na biyar na wani labari na sarakuna da dodanni da muke karantawa. Yawanci sun ce ka fara komawa ƙarshen na huɗu tukuna, don sunaye sun yi yawa wallahi, wani ma ya ce a riƙa rubuta su a takarda. Tsakiyar na biyar ɗin akwai jan ƙafa, tafiya kawai ba yaƙi, wasu nan suka ajiye, amma ni na ce a daure don nan ne za ka gane abin da ya sa wata yarinya a labarin ta bar gidansu, abin ya taɓa ni sosai. Masu sayen fassarar Faransanci ku lura, sau tari ana raba littafi ɗaya gida biyu. Kuma don Allah wanda ya gama kar ya faɗa mana wa ya mutu.