Yaya zan dawo da ƙanina kan littafinsa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, daga Argungu nake. Ƙanina ya ci komai a WAEC, Lissafi kaɗai ya kayar da shi, ga shi jami'a sai da kiredit 5 har da Turanci da Lissafi. Da can bayan Isha'i yake zama da fitilar caji yana bitar tsofaffin tambayoyi har ƙarfe 11. Yanzu littafin na ƙarƙashin katifa. Ya wuni a fadamar shinkafa, ya dawo ya kwanta. Na biya masa NECO ta ƙarshen shekara, ya ce kansa ba ya ɗauka. Na yi faɗa, na yi lallashi. Malamai, don Allah ta ina zai fara, kuma awa nawa kullum?