Neman kalma: me za mu kira "installation"?

Jama'a, a taimaka min da kalma guda. Tun da na dawo daga Tate Modern a Landan take yi min yawo a ka.

Ga wanda bai san wurin ba, tsohuwar tashar wutar lantarki ce ta Bankside, a bakin kogin Thames. An kashe injinanta a 1981, gini ya zauna kango, sai a 2000 aka buɗe shi ya zama gidan fasahar zamani. Bututun hayaƙinsa mai mita 99 yana nan tsaye. Zauren da injina suka zauna a da an bar shi fayau, tsawonsa mita 155, bisansa mita 35, kana shiga kana gangarawa kamar mai sauka kwari.

A ƙarshen 2023 na je, na tarar da aikin El Anatsui, mai fasaha ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka. Daga nesa sai ka rantse jan mayafi ne aka rataye daga rufi. Da na matsa sai na ga ashe murafan kwalabe ne, an bubbuge su sun baje, an huhhuda, an ɗinke da siririyar wayar jan ƙarfe, wasu ko rubutun jikinsu bai goge ba. Da na zo ba ƙanwata labari a waya sai baki ya tsaya. Zane? Ba a zana komai ba. Sassaƙa? Babu wanda ya riƙe gizago. Turawa installation suke cewa. Mu fa?

Wani malamina ya ce baje koli. Allah ya gafarta Malam, baje koli ai taron ne gaba ɗaya, ni kuwa sunan aikin nake nema. Wata 'yar'uwa ta kawo jere, kuma na so kalmar, sai dai jere yana son abubuwa da yawa a sahu. A 2003 wani mai fasaha, Olafur Eliasson, ya cika zauren nan da hazo, ya sa wata ƙatuwar rana ta fitilu a ƙurya, ya lulluɓe rufi da madubi, mutane suka riƙa kwanciya a ƙasa suna neman kansu a sama. Me aka jera a nan?

Kalmar kafe ma ba ta yi ba, don abin da aka kafa zama ya zo yi. Ayyukan zauren nan kuwa wata shida ne, a kwashe, wani ya shigo da nasa.

Ni dai zuciyata ta kwanta da girke. Muna cewa an girke sojoji a mashiga, an girke motoci a fili: abu ne aka kawo aka ajiye da gangan a wuri zaɓaɓɓe, ya mamaye wurin, kuma kowa ya san akwai ranar kwashewa. Siffar aikin ke nan. Mai fasaha Ai Weiwei, ɗan ƙasar Sin, a 2010 ya girke 'ya'yan furen rana na tangaran guda miliyan 100 a daɓen zauren, masu sana'a a Jingdezhen ta ƙasar Sin suka shafa wa kowane launi da hannu. Kwanakin farko ana takawa a kai, sai ƙurar da ke tashi ta sa aka hana. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka sa a aljihu, ba ka ɗauki komai ba. Yawan da faɗin zauren su ne aikin. Shi ya sa tsofaffin masana'antu suka dace da irin wannan, ɗakin da aka gina don injin shi ke iya haɗiye shi.

Na san za a ce kunne zai tafi girki. To, ya je ya dawo, in aka ce aikin girke ko fasahar girke babu mai leƙa madafi.

Sukar da ta fi damuna ta wani yayana ce. Ya tuna min da Doris Salcedo, 'yar Kolombiya, wadda a 2007 ba ta kawo komai ta ajiye ba, daɓen kankaren zauren ta tsaga, tsaga mai lanƙwashe-lanƙwashe, tsawonta mita 167. Ya ce, "Ƙanena, ana girke rami?" Yaya, gaskiyarka, a nan kalmar ta yi ɗingishi. Amma installation ɗin ma haka take ɗingisawa a bakin masu ita, ba su fasa amfani da ita ba. An cike tsagar a 2008, tabonta yana nan, ni ma na bi shi da ƙafa ranar da na je.

Saboda haka na tsaya a kan aikin girke, mai yinsa kuma mai girke. Na sake kiran ƙanwata na ce mata wani ɗan Gana ne ya yi girke da murafan kwalabe a tsohuwar tashar lantarki. Ba ta ce mene ne girke ba, cewa ta yi murafan guda nawa.