Sammore ya ƙi jin allura: maganin ne ya lalace ko cutar ce ta yi ƙarfi?

Ɗan Mirriya:

Salamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar bisashe. Shanuna suna hannun wani Bafulatani da muka daɗe tare. In rani ya tsananta yakan gangara da su kudu cikin Najeriya, sai ruwa ya sauka su dawo. Bana uku sun dawo a rame, har da wata jar saniya da nake ji da ita. Gashi ya tashi, ido yana ta hawaye, in ka buɗe fatar idon sai ka ga ta yi fari fat, ga kaluluwa a gaban kafaɗa. Ci tana ci, amma jiki bai nunawa.

Makiyayin ya ce sammore ne, ciwon nan da ƙudan tsando ke sa wa dabbobi. An yi musu allurar nan ta gari mai ruwan ɗorawa, suka ɗan murmure, ba a rufa wata ba suka koma gidan jiya. Aka sake, bai canza zane ba. Zamanin mahaifina allura ɗaya ake yi a manta. Wani ya ce in haɗa shi da ɗayan maganin sammoren, wato jan, in yi musu lokaci guda. Me kuka gani?

Alhaji Dillali:

Wa alaikumus salam. Malam, a ina aka sayo maganin? Nan ne maganar take. In wajen masu shimfiɗa a kasuwa ne, waɗanda ke jera shi kusa da maganin ɓera rana tana dukansa tun hantsi, to ba sai an je da nisa ba. Leda iri ɗaya, hoton sa iri ɗaya, abin da ke ciki Allah kaɗai ya sani. Ni ban yarda cuta ta yi wani ƙarfi ba, jabu ne ya yi yawa. Ka ƙara kuɗi ka sayi na kirki, shi ke nan.

Lokotoron Bisashe:

Alhaji, ranka ya daɗe, jabu akwai shi, an auna magungunan sammore na kasuwannin Afirka ta Yamma an samu da yawa ƙarfinsu bai kai abin da aka rubuta ba. Amma cutar ma ta daina jin magani a wurare da dama, kuma abu biyun ɗan juma ne da ɗan jummai, domin magani marar ƙarfi shi ke koya wa ƙwayar cutar juriya.

Ga yadda abin yake. Mai ruwan ɗorawan sunansa diminazin, wanda aka fi sani da Berenil, ya fito ne a 1955. Jan kuwa isometamidiyum ne, wato Samorin, ya biyo baya a farkon shekarun 1960. Tun daga nan ba a samu wani sabo da ya maye gurbinsu ba. Shekara sittin da ɗoriya ke nan ana dukan ƙwayar da abu ɗaya. Duk allurar da ba ta cika ba tana kashe raunana ta bar masu taurin kai, su kuma su hayayyafa, ƙuda ya kwashe su ya kai wa wata dabba. An tabbatar da wannan a yankin auduga na kudancin Mali da yammacin Burkina Faso, inda cibiyar binciken kiwo ta CIRDES da ke Bobo Julaso ta daɗe tana aiki a kai, kuma an gani a Najeriya.

Malam Ɗan Mirriya, ka tambayi makiyayinka tambaya ɗaya: ƙaramar leda ɗaya shanu nawa yake yi wa? Ledar gram 2.36 ta dabba mai kilo 300 ce, a dama ta a ruwa mililita 12.5 da aka tafasa ya huce. Abin da nake gani a rugage shi ne a raba leda ɗaya tsakanin manyan shanu biyu don tattali, ko a tsinka ta da ruwan rijiya cikin kwalbar lemo, a ajiye ragowar a rataye a bukka har sati ya zagayo. Babban bijimin Bororo ya wuce kilo 300 nesa ba kusa ba, leda ɗaya ma ba ta ishe shi. Kuma ido ba ya auna nauyi, akwai igiyar awo da ake zagaya ƙirjin dabba da ita.

Mu a Damagaram muna da wata sa'a. Ba mu da ƙudan tsando, a Nijar sai can kudu maso yamma wajen gandun daji na W ake samunsa. Saboda haka in an yi wa saniya cikakkiyar allura a nan, aka ɗebi jininta bayan kwana 14 aka sake ganin ƙwayar a madubin likita, zargi ya fi karkata ga juriya, ba sabon kamu ba. Ban ce tabbas ba, don akwai nau'in sammoren da manyan ƙudaje masu cizo ke iya ɗauka daga dabba zuwa dabba, musamman da damina. Shi ya sa ma ya kamata ka ware ukun nan daga garke.

Batun haɗa biyun lokaci guda, kada ka yi. Dukansu suna da nauyi a jiki, ga dabba ta riga ta rame. Ƙa'idar ita ce in ɗaya ya gaza a koma ga ɗayan bayan an ba da tazara, ba a zuba su tare ba.

Inna Mai Nono:

Ɗana, kafin a yi ta faman sammore, an duba kaska? Shanun da suka yi kudu da ita suke dawowa, a hantsa da ƙarƙashin wutsiya. Ciwon kaska ma yana shanye jini, wani har fitsari ya koma ja. Akwai kuma wanda allurar sammore ba ta taɓa shi, sai taramaisin. Ga tsutsar hanta in sun yi kiwon fadama. Mu dai duk saniyar da ta rame sai a ce sammore.

Sannan don Allah in an yi allura a daina tatsa ana kawo mana. Sai a yi da safe, da yamma nonon yana cikin ƙwarya, yara ke sha.

Lokotoron Bisashe:

Inna ta faɗi gaskiya. Ciwon kaska mai fitsarin jini diminazin yana maganinsa, amma ɗayan ciwon kaskan, mai buƙatar taramaisin, ba ya jinsa ko kaɗan, kuma da ido ba a rarrabe su da sammore. Nono kuwa, yawancin ledojin diminazin sun ce a bar shi kwana 3, nama kwana 21. Na jan kuwa, a karanta ledar.

Ɗan Mirriya:

Na gode ƙwarai. Na kira makiyayin, ya ce leda biyu ya raba wa ukun, kuma a hanya ya saya. Ya ce ma kafin su baro kudu ya yi wa garken duka allura, masu lafiya da marasa lafiya, wai rigakafi. Yanzu jinin a ina ake ɗiba, sai na kai saniyar Zinder?

Lokotoron Bisashe:

Ba sai ka wahalar da ita ba. Ka je ma'aikatar kiwo ta wajenku a haɗa ka da ma'aikaci ya zo ya ɗiba daga kunne ko jijiyar wuya, da sassafe ya fi, a kai ɗakin awo da wuri tun ƙwayar na motsi. Ka ce a duba kashi ma saboda tsutsa. Kada a sake yi musu wata allura kafin nan. Shi kuma makiyayin ka sanar da shi diminazin ba ya daɗewa a jiki balle ya yi rigakafi, jan ne ke tsarewa na wata biyu zuwa huɗu. In ledojin da ya yi amfani da su suna nan, ka taho da su a duba kwanan watansu.