Ƙari a ƙashi ko kullu a tsoka: yaya aka gano naku?

Yayar mara lafiya:
Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 16 ya yi wata biyu gwiwarsa na ciwo, da dare ma ba ya barci. Hoton ƙashi ya nuna wani abu a ƙarshen ƙashin cinya, likita ya ce sai an yi MRI, wato hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu, kuma an ɗebi nama don gwaji. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka mana da bayani.

Uwar mai jinya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Haka ɗana ya fara, muka ɗauka targaɗen ƙwallo ne. Ashe osteosarcoma ce, kansar ƙashi da ta fi kama matasa a kusa da gwiwa. Bayan MRI an yi masa hoton CT na ƙirji, domin wannan kansar ta fi saurin bazuwa zuwa huhu. Ya yi kusan mako 10 yana karɓar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, kafin tiyata. Ba a yanke ƙafar ba, an cire ɓangaren ƙashin aka sa ƙarfe. Na'urar MRI tana da ƙara sosai, ku roƙa a ba shi abin toshe kunne.

Wanda aka yi wa tiyata biyu:
Ni nawa a tsokar cinya yake, ba ya ciwo ko kaɗan, shi ya sa na raina shi. Aka ce kitse ne, aka cire ba tare da hoto ba. Da sakamakon naman ya fito, sarkoma ce, wato kansar da ke kama tsoka ko ƙashi. Dole aka sake buɗe wurin, aka yanke tsoka mai faɗi, sannan aka gasa wurin da hasken kashe kansa. Har yau wannan gaggawar tana ci mini rai. Don Allah duk kullun da ya wuce santimita 5, ko yana girma, ko yana can ciki, kada a taɓa shi da wuƙa sai an yi hoto. Kuma likitocin da za su yi tiyatar su ya kamata su tsara ɗibar naman, saboda hanyar da allurar ta bi ita ma ana cire ta.

Wata 'yar'uwa:
Nawa kitse ne zalla, lipoma. Kwanakin jiran sakamako ne suka fi tiyatar wahala.

Yayar mara lafiya:
Na gode ƙwarai. Jibi za a yi MRI ɗin. Mama, ke da aka yi wa ɗanki, kemon yana hana zuwa makaranta gaba ɗaya ne?