Kwana a wajen biki a daji, me zan ɗauka?

Uwar_biyu: Salam jama'a, an gayyace ni bikin ƙawata ranar Asabar a wani sansanin shaƙatawa cikin daji, wai a can za a kwana har Lahadi, don Allah me zan tafi da shi?

Matafiyi: Hajiya fara tambayarsu tukuna, ɗakunan katako ne ko tanti, akwai katifa ko babu, banɗaki fa na haɗaka ne?

Yar_auta: Aunty ki ɗau bargo wallahi, dare a daji sanyi gare shi ko da rana ta yi zafi, sai tocila da maganin sauro da fawa banki don ba lallai a samu wuta ko netwok ba, takalmi mai tsini kuwa ki manta da shi nutsewa zai yi a ƙasa.

Uwar_biyu: Tanti ne fa, na tambaya yanzu 😩